Rangwamen jirgin ruwa zuwa Faransa da Sifaniya, ko tafiyar 'yan unguwa zuwa Blaenavon?

Maman Hafsat, Newport:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin waɗannan al'amura, domin abubuwa biyu ne suka haɗe mana a rana guda, kuma ni da maigida mun kwana uku muna jujjuya maganar ba mu tsayar da komai ba.

Na farko, wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya aiko mana da tallar jirgin ruwa na shaƙatawa wanda zai tashi daga Southampton ranar Asabar ɗin da yara ke fara hutun tsakiyar zango a ƙarshen Oktoba. Kwana bakwai ne, zai tsaya a Cherbourg ta Faransa, sannan Bilbao da A Coruña a Sifaniya, ya komo. An rubuta cewa kuɗin ya sauko kusan rabi, ana farawa daga fam 399 kowane mutum, kuma abinci da wurin kwana duk suna ciki. Mu biyar ne: ni da maigida, da Hafsat mai shekara 13, da ƙanenta mai 9, sai autanmu mai 4. Shekararmu huɗu ke nan a nan Birtaniya ba mu taɓa fita ko'ina da yaran ba, kuma Hafsat tun da ta ji tarihin Andalus a makarantar allo ta ƙarshen mako take roƙon a kai ta Sifaniya. Dukkanmu fasfon Najeriya muke riƙe da shi, kuma saura mako biyar jirgin ya tashi.

Na biyu, mutanen layinmu sun haɗa kuɗi sun ɗauki hayar babbar mota domin zuwa Blaenavon, wani gari a nan kudancin Wales, a wannan Asabar ɗin, a ga tsohuwar mahaƙar kwal da ake kira Big Pit. Wadda ta shirya tafiyar ita ce tsohuwar da gidanta ke jikin namu, wadda yaranmu ke kira Kaka. Mahaifinta mahaƙin kwal ne, kuma har yau fitilarsa ta tagulla tana kan tagar falonta, tare da wani ɗan kwabon ƙarfe mai lambarsa a jiki. Matar nan ta yi mana halaccin da ba zan manta ba: lokacin da nake aikin dare a asibiti ita ke leƙa yaran kafin babansu ya dawo, kuma da ƙaramar Sallah ta kawo mana kek bayan ta tambaye ni abin da ba ma ci. Da kanta ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ta ajiye mana kujeru biyar, ni kuma na amsa mata tun kafin tallar jirgin ta zo.

Maigida yana ganin irin wannan rangwame ba kullum ake samunsa ba, kuma Blaenavon tana nan kusa da mu, duk ranar da muka ga dama za mu je. Ni kuwa nauyin matar nan nake ji, amma ba na son in hana yara abin da suka daɗe suna buri. Shin rangwamen nan na gaskiya ne? Kuma wanda ya taɓa shiga ramin nan, ya dace a shiga da ƙananan yara?

Baban Sadik, Bristol:

Wa alaikumus salam, Maman Hafsat. Kafin a kai ga maganar wanne ya fi, ina ganin a fara duba ko tafiyar jirgin za ta yiwu ma, domin abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninki shi ne fasfon Najeriya da kuma mako biyar.

Izinin zama a Birtaniya ba ya buɗe wa mutum ƙofar Faransa ko Sifaniya. Dole ne ku nemi bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ciki har da waɗannan biyun. Tunda tsayawa biyu a Sifaniya za a yi, ɗaya kuma a Faransa, wurin Sifaniya za ku nema. Daga watan Yunin 2024 kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kuma ba ya biya. Ke da maigida da Hafsat yuro 270 ke nan, a ƙara 45 na ƙanenta, ya zama 315, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, da kuɗin motar zuwa a ɗauki hoton yatsu, da inshorar lafiya wadda doka ta ce kada ta gaza yuro 30,000. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma ana iya jan sa har kwana 45, kuma lissafin ba ya farawa sai ranar da kuka miƙa takardu. Samun ranar miƙawar ita ce babbar wahala. Bara na nemi biza domin wani taro, sai da na shafe fiye da mako uku ina buɗe kwamfuta da asuba kafin na samu gurbi, fasfona kuma ya dawo bayan an watse daga taron.

Kada kuma wani ya ce muku idan bizar ba ta fito ba sai ku zauna a cikin jirgi ba tare da kun sauka ba. A teburin shiga ake duba takardun kowa, kuma wanda ba shi da bizar ƙasashen da za a tsaya, galibi ba a barinsa ya hau ko kaɗan. Tafiyar da ta rage mako biyar kuwa a take ake biyan kuɗinta gaba ɗaya, kuma a yawancin sharuɗɗan da na karanta, rashin biza laifin fasinja ake ɗaukarsa, ba a mayar da ko kwabo.

Sai maganar farashi. Kalmar "daga" ɗin nan ita ce abin lura. Wannan kuɗi na ɗakin ciki ne wanda ba shi da taga, kuma an lissafa shi ne a kan mutum biyu a ɗaki. Yawancin ɗakunan jirgi mutum huɗu ne iyakarsu, ku kuwa biyar ne, wato ko dai ɗaki biyu ko ɗakin iyali, wanda ba kasafai yake shiga rangwame ba, balle a makon hutun makaranta. Ki kira su ki ce a rubuto miki jimillar kuɗin mutum biyar da shekarun kowa, kuma a faɗa miki ko tukwicin ma'aikata yana ciki, domin wasu kamfanonin sun haɗa shi a farashi, wasu kuma kullum suke ɗora shi a kan kowane fasinja. Lemo, intanet, yawon da ake kai mutane idan an sauka a gari, da ajiyar mota a Southampton har mako guda, duk daban ake biyansu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ban ce yaudara ce ba, sai dai kamfani yana sauke farashin ɗakin da ya rage ne domin ya san ɗaki marar kowa ba ya sayen komai a cikin jirgi.

In kun tashi biya, a yanzu ko nan gaba, ku tabbata kamfanin yana cikin ABTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Birtaniya. Idan kuna da katin bashi, biya da shi yana ba da kariyar doka a kan sayayyar da ta haura fam 100 zuwa 30,000 in kamfani ya karye ko ya saɓa alkawari. Sai a biya katin nan take domin kada kuɗin ruwa ya hau.

Hajiya Turai, Manchester:

'Yar'uwa Maman Hafsat, duk abin da Baban Sadik ya lissafa gaskiya ne, amma ina tsoron kada ki karanta shi ki cire tafiyar jirgi daga ranki gaba ɗaya, alhali kuwa ga mai 'ya'ya uku da wuya a sami tafiya mai sauƙinta. Sau biyu na yi ta da iyalina. Sau ɗaya za ki kwance kaya, ba girki, ba wanke-wanke, ki kwanta a wata ƙasa ki wayi gari a wata. Mace mai aikin dare irinki ta cancanci mako guda da wani zai ɗora mata tukunya, kuma bai kamata ki ji kunyar son hakan ba.

Matsalata da wannan tafiya ta musamman ita ce hanyarta da lokacinta. Daga Southampton zuwa Bilbao sai an ratsa tekun Biscay, kuma a ƙarshen Oktoba ruwan nan yana iya yin haushi ƙwarai. A tafiyarmu ta farko a irin wannan lokaci muka bi ta nan. Na tuna daren da ma'aikata suka rataye 'yan jakunkunan amai a jikin ƙarfen matakala, ruwan kofi yana karkata a kan tebur, ƙofar banɗaki tana bugawa ita kaɗai, ƙaramar 'yata kuma ta kwana a jikina tana kuka. Washegari aka sanar cewa ba za a iya tsayawa a ɗaya daga cikin garuruwan ba saboda iska. Wasu suna ratsawa lafiya lau kamar a kan tabarma, amma sa'a ce, kuma a ɗaki marar taga jiri ya fi kama mutum.

Abu na biyu, ki gaya wa Hafsat cewa wannan jirgi ba zai kai ta Andalus ba. Bilbao da A Coruña a can arewacin Sifaniya suke, ƙasar ruwan sama da duwatsu. Abin da ta ji labari yana kudu. Fadar Alhambra a Granada take, birnin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492, babban masallacin nan mai ginshiƙai kuma yana Kurɗuba. Jirgin da zai kusanta da su shi ne mai tsayawa a Malaga ko Cadiz. Daga Malaga zuwa Granada tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma tikitin Alhambra tun da wuri ake sayensa domin yana ƙarewa. A tafiyarmu ta biyu jirgin sama muka hau zuwa Barcelona a hutun Ista, daga nan muka shiga na ruwa, muka tsallake Biscay gaba ɗaya. Kamfanoni suna yawan yin rangwame daga Janairu zuwa Maris, kuma ana iya neman bizar tun saura wata shida, saboda haka maganar maigida cewa ba za a sake samun irin wannan ba, ina ganin ya kwantar da hankalinsa.

Game da addini, tunda na san za ki so ki ji. Akwai giya da gidan caca a cikin jirgi, amma wurin yana da faɗin da za ki iya yin mako ba ki bi ta wajensu ba. Naman halal sai an nema tun lokacin biyan kuɗi, kuma ba kowane kamfani ke bayarwa ba. Mu kifi da ƙwai da ganye da shinkafa muka riƙe, muna tambayar mai kawo abinci ko an zuba giya a miya. Salla a ɗaki muke yi, muna kasaru, kuma da yake jirgi yana juyawa, kafin kowace salla sai mun sake duba alƙibla. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, ita ta fi taimaka mana, domin ƙarfen jirgi yana rikita kamfas ɗin waya.

Malam Ɗanjos, Cardiff:

Maman Hafsat, ni zan amsa tambayarki ta biyu, domin sau uku na shiga Big Pit, kuma ban yarda da cewa zuwa da 'yan unguwa daidai yake da zuwa ku kaɗai wata rana ba.

Ramin ya yi aiki har zuwa 1980, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1983, kuma a shekarar 2000 UNESCO ta sa yankin Blaenavon cikin wuraren tarihi na duniya. Shiga harabar kyauta ce, amma ku tabbata wadda ta shirya tafiyar ta kama muku gurbin sauka ƙasa tun kafin ranar. Za a ba kowa hular kwano mai fitila a goshi da wata ɗamara mai nauyi, sannan a karɓe waya da agogo mai batir da ashana da duk abin da zai iya tartsatsi, domin har yanzu dokar mahaƙa ce ke aiki a wurin saboda iskar gas. Daga nan a shiga kejin ƙarfe a sauka mita 90. Ana yin kusan awa ɗaya a ƙasa, akwai sanyi da laima, akwai wuraren da sai an sunkuya. Ki sa wa yara rigar sanyi da takalmi mai rufi, ke kuma hijabi ba ya hana hular zama, sai dai doguwar abaya mai jan ƙasa za ta kwashi baƙin ruwa. Ki auna autanku tun a gida: yaron da bai kai mita ɗaya a tsawo ba, ba a sauka da shi. In bai kai ba, akwai abin kallo a sama, har da gidan wankan mahaƙa da aka gina a 1939, wanda kafin a yi shi a gida mata ke dafa ruwa kullum su cika baho a gaban murhu.

Akwai wani wuri a ƙasa da mai yi muku jagora zai tsaya a bakin wata ƙofar katako ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ko a daren damina a ƙauye da babu wata. Za ki ɗaga tafinki har ya taɓa hancinki ba ki gan shi ba. A cikin duhun zai gaya muku cewa a irin wannan ƙofa ake zaunar da yara 'yan shekara biyar da shida, su yini suna buɗewa da rufewa domin iska ta zagaya, har sai da dokar 1842 ta hana sa mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa. Ɗana yana da shekara takwas a lokacin, ya damƙe hannuna bai saki ba har muka fito. Za ku kuma ga turakun dawakin da ke jan kwal, da sunan kowane doki a rubuce.

Abin ya taɓa ni ne saboda asalina. Kakana daga ƙasar Katsina aka kawo shi Bukuru a zamanin da mutanenmu ke kira diban gwamna, tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Turawa suka rasa kuzar Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu suka tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos. Ya sha ba mu labarin sanyin da ya kashe abokan tafiyarsa da kwanon ƙasar da suke ɗauka a kai daga safe zuwa yamma, mu kuma mun tashi muna ganin kududdufan da haƙar ta bari, iyaye suna gargaɗin kada mu kusance su. Da na gaya wa tsohon mahaƙin da ya zagaya da mu wannan labari, sai ya tsaya ya nuna mini wani shuɗin tabo a bayan hannunsa, inda ƙurar kwal ta shiga ciwo fata ta rufe a kanta, ya yi ta yi mini tambayoyi a kan Jos har sauran mutane suka wuce mu.

Shi ya sa nake cewa ku je da Kaka. Idan kun je ku kaɗai za ku ga rami da injuna, amma da ita za ku ji wane ne ya tsaya a ina, kuma ɗan kwabon ƙarfen nan da ke tagarta za ta nuna wa yaranki amfaninsa: da irinsa ake sanin wanda ya sauka da wanda bai fito ba. Ki lura kuma da lokacin. A ranar 21 ga Oktoba 1966 ne tulin sharar kwal ya zaftaro kan makarantar firamare a Aberfan, wani ƙauyen mahaƙa a kwarurrukan kudancin Wales, ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara, kuma tsofaffin kwarurrukan nan ba sa wuce ƙarshen Oktoba ba su tuna ba. Matar da ta ajiye wa baƙi kujeru biyar a irin wannan tafiya ta sa ku cikin nata ne, kuma kin riga kin amsa mata. Kin san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada.

Ga maigida kuma, in yana son Bilbao, ya sani cewa rabin labarinta a ƙofar gidansa yake. A ƙarshen ƙarni na 19 daga duwatsun Bilbao ake lodin tama zuwa masana'antun ƙarfen kudancin Wales, jiragen kuma su koma da kwal. Gadar nan mai ɗaukar motoci a rataye da ke Newport, wadda aka buɗe a 1906, 'yar'uwarta tana bakin kogin Bilbao tun 1893, kuma injiniyan Faransa Ferdinand Arnodin yana da hannu a dukansu biyu.

Maman Hafsat, Newport:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira kamfanin kamar yadda Baban Sadik ya ce, kuma sun tabbatar mini cewa ɗaki biyu za mu kama. Da aka haɗa da biza da inshora da ajiyar mota, kuɗin ya haura ninkin abin da muka lissafa da farko. Maigida da kansa ya duba ranar miƙa takardu, gurbi mafi kusa da ya gani ya faɗo bayan tashin jirgin, daga nan ya ce a bar maganar.

Hajiya, na karanta wa Hafsat abin da kika rubuta, ta ɗauko taswira ta ga inda Granada take da inda Bilbao take, yanzu ita ce ke cewa a jira hutun Ista. Don Allah idan kin samu sarari ki gaya mini ko kwana ɗaya a Malaga ya ishe ku zuwa Alhambra ku dawo ba tare da fargabar jirgi ya tafi ya bar ku ba, domin wannan ne abin da ke damun maigida yanzu.

Malam Ɗanjos, na jingina autan da bango na auna shi, ya haura mita ɗaya da kaɗan ko da babu takalmi. Jiya da yamma na shiga wurin Kaka na gaya mata muna nan a kan bakanmu, na kuma ba ta labarin kakanka da kuzar Bukuru. Ta sauko da fitilar mahaifinta daga taga ta miƙa wa ɗana mai shekara tara, ta ce shi zai riƙe ta a cikin mota ranar Asabar ɗin, ta kuma tambaye ni ko za ka yarda ka zo, domin akwai sauran kujera ɗaya.